Abincin Yini: Karatun Asuba A Gidajen Kirista Daga Kajuru Zuwa Kafanchan

Idan aka ambaci karatun asuba a ƙasar nan, abin da yakan fara faɗo wa yawancin masu karanta wannan jarida a rai shi ne almajiri da allonsa a bakin wutar kara, ko kuwa dattijo zaune bisa buzu yana tilawa kafin rana ta ɓullo. To, akwai kuma wani karatun asuba da ake yi a gidaje masu ɗimbin yawa, da harshen Hausa tsantsa, amma ba kasafai labarinsa yakan kai kunnen mutumin Kano ko na Sakkwato ba. Duk wanda ya bi hanyar motar da ta tashi daga Kaduna ta ratsa Kujama da Kasuwan Magani da Kufana da Idon, ta faɗa Kachia, ta wuce Zonkwa da Kagoro har Kafanchan, in dare ya yi masa ya kwana a gidan Kirista a ɗaya daga cikin garuruwan nan, sau da yawa ba carar zakara ce kaɗai za ta tashe shi ba. Zai ji an ta da waƙa a tsakar gida, bayanta kuma ya ji muryar mai gida, ko ta wani yaro ɗan makaranta, tana karanta Littafi Mai Tsarki.

Abin lura kuwa shi ne masu wannan karatu galibinsu ba Hausawa ba ne. A ƙasar Kajuru Adara ne da Gbagyi, gaba kuma ga Bajju da Atyap da Ham da Agworok da Fantswam da sauransu, kowace ƙabila da harshenta wanda maƙwabciyarta ba ta ji sosai. Amma da Hausa kakanninsu suka fara sanin wannan littafi, da ita suka haddace ayoyinsa, da ita kuma har gobe ake binne mamatansu a yawancin ƙauyuka. Yadda aka yi haka ta faru labari ne mai tsawo, kuma ya kamata mai karatu ya ji shi kafin mu shiga cikin gidajen.

YADDA LITTAFIN YA ISO

Wanda ya fara juya wani sashe na Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa wani Bajamushe ne mai aiki da ƙungiyar mishan ta CMS, sunansa James Frederick Schön. Shi dai bai taɓa sa ƙafa a birnin Kano ko Katsina ba. Ya tsinci Hausarsa daga bakin bayin da aka 'yanta a Saliyo, daga baya kuma ya ƙara a wurin Dorugu, yaron nan na ƙasar Damagaram wanda ya bi matafiyi Barth zuwa Ingila cikin shekarar 1855. A shekarar 1857 aka buga Bisharar Matta ta fassararsa, a 1880 kuma Sabon Alkawari ya kammala. Aiki ne na haƙuri ƙwarai, amma Hausar da aka koya daga nesa ba ta rasa tsauri, kuma a lokacin babu masu karanta boko a ƙasar da aka yi aikin dominta.

Wanda sunansa ya fi fita a wannan fage shi ne Likita Walter Miller, wanda Zage-zagi suka sani da Likita Mila. Yana cikin tawagar Bishop Tugwell da ta isa Kano a shekarar 1900, Sarkin Kano Alu ya sallame su, suka koma suka yi zango a Girku. Miller ya zauna a birnin Zariya daga 1905, daga baya aka mai da mishan ɗin Wusasa. Shekara da shekaru yana fama da fassara tare da mutanen ƙasar da suka san harshen ciki da waje, da kuma ma'aikatan waɗansu ƙungiyoyin mishan, har a shekarar 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗayansa cikin Hausa. Wannan bugu shi ne tsofaffi suke kira tsohon juyi, kuma har yanzu akwai dattawan da in ba daga cikinsa aka karanta ba, sai su ga kamar ba a yi karatu ba.

Amma ikon Allah, littafin da aka shirya domin Hausawan birni, sai ya sami kasuwarsa a kudu. Gwamnatin Turawa ta taƙaita aikin mishan a cikin masarautun Musulmi, saboda haka masu mishan suka fuskanci ƙabilun duwatsu da dazuzzuka. Ƙungiyar SIM, wadda mutum uku suka fara a shekarar 1893, watau Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, ta buɗe tasha a Kwoi cikin 1910, daga baya ta kai Kagoro, inda ta kafa makarantar koyon Littafi Mai Tsarki tun farkon shekarun 1930. Gowans kansa a Girku ya mutu cikin 1894, bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Da masu mishan suka duba suka ga harsunan yankin sun fi ƙarfin a bi su ɗaya bayan ɗaya, alhali ga Hausa ana cinikin kasuwa da ita, ana karɓar haraji da ita, ga shi kuma jirgin ƙasa ya mai da Kafanchan mahaɗa tun cikin shekarun 1920, sai suka ɗauke ta ta zama harshen majami'a. 'Yan Katolika da 'yan Baftis da Angilikan su ma haka suka yi a ƙauyuka.

A wurare da yawa an sa wa mai neman baftisma sharaɗin ya koyi karatu, domin ya iya buɗe littafin da kansa ba sai an karanta masa ba. Wannan sharaɗi ya yi aikin da ba a zata ba. Tun kafin gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, akwai manoma da matan aure a ƙauyukan kudancin lardin Zazzau waɗanda ba su taɓa zama a aji ba, amma suna bin layi da ɗan yatsa suna haɗa baƙi da wasali a gindin fitilar aci-bal-bal. Daga wannan yanki ne aka sami mutane kamar Dokta Byang Kato, ɗan ƙasar Kwoi, wanda aka haifa a 1936, ya riƙe muƙamin babban sakataren ikilisiyar ECWA, daga baya ya zama babban sakataren ƙungiyar ikilisiyoyin bishara ta Afirka da Madagaska, kafin ya rasu a teku kusa da Mombasa a 1975. Ita kanta ECWA a shekarar 1954 aka haɗa ikilisiyoyin da SIM ta kafa aka ba su wannan suna.

YADDA AKE YINSA

Tsarin ba shi da wuya, kuma kusan iri ɗaya ne ko'ina. Da asuba, kafin a ɗauki fartanya ko a ɗora tukunya, mai gida ko uwargida yakan tara iyali. A fara da waƙa ɗaya ko biyu daga Littafin Waƙoƙi, sa'an nan a karanta ayoyin ranar. A wani gida mutum ɗaya yakan karanta duka, a wani kuwa aya-aya ake bi ana zagayawa, har ta kai kan ƙaramin da bai gama iya haɗa kalmomi ba, yayyensa na gyara masa. Daga nan babba ya yi ɗan bayani, a faɗi bukatun da za a yi wa addu'a, na mai ciwo da na mai jarrabawa da na wanda ya yi tafiya, a rufe. Abin duka bai cika wuce minti ashirin ko talatin ba. Wannan shi ake kira sujadar iyali. Ban da ita kuma akwai addu'ar safe a majami'a, wadda a ƙauyuka da dama guntun ƙarfen dogo ko tsohon garen mota da aka rataye a bishiya shi ne ƙararrawarta. Mata, musamman 'yan Zumuntar Mata, su ne suka fi cika bencin wannan addu'a, kuma duk faston da ya faɗi gaskiya zai shaida haka.

To, wace aya za a karanta yau? Nan ne ƙananan littattafan jagora suka shigo. Wanda ya fi shahara a gidajen 'yan ECWA shi ne Abincin Yini, wanda ake fitarwa kowace shekara. Kowace rana da shafinta: kwanan wata, wurin da za a buɗe a Littafi Mai Tsarki, gajeren bayani, da abin addu'a. Sauran ɗariƙu su ma kowa da nasa, mafi yawa da Turanci. Angilikan suna da Daily Fountain, 'yan makarantar sakandare kuma da yawa sun tashi da Daily Guide da Daily Power na ƙungiyar Scripture Union. Wannan ƙungiya a birnin Landan aka kafa ta cikin 1867 domin yara, a 1879 ta fara raba katin da ke nuna abin da za a karanta kowace rana. A Arewa kuwa ƙungiyar ɗalibai Kirista ta FCS, wadda aka fara a Gindiri cikin 1957, ita ce ta cusa wa 'yan makarantar kwana ɗabi'ar keɓewa da littafi kafin a buga ƙararrawar safe.

'Yan Katolika, waɗanda suke da yawa a ƙasar Adara da kewayen Kafanchan, tsarinsu dabam ne. Tun bayan gyaran da aka yi a 1969, ikilisiyarsu ta shirya karatun ranakun Lahadi a kan zagayen shekara uku, na sauran ranakun mako kuma a kan shekara biyu, ta yadda abin da katikis zai karanta a ƙaramar majami'ar ƙauye yau, shi ne ake karantawa a Roma.

Ga mai son lissafi, Littafi Mai Tsarki da ke hannun Furotesta ya ƙunshi littattafai 66, na Katolika 73. A cikin 66 ɗin nan akwai surori 1,189, watau 929 a Tsohon Alkawari da 260 a Sabon Alkawari. Wanda ya karanta sura uku kowace rana, ran Lahadi ya karanta biyar, zai sauke cikin shekara guda har da 'yan kwanaki rara. Akwai masu bin jadawalin da wani limamin ƙasar Sikotilan, Robert Murray M'Cheyne, ya tsara a 1842, wanda yake kai mutum ya sauke Tsohon Alkawari sau ɗaya, Sabon Alkawari da Zabura sau biyu a shekara. Waɗansu kuma sukan ɗauki littafin Karin Magana, da yake surorinsa 31 ne, su bi kwanan wata. Musulmin da ya saba da rabon izu sittin a kan kwanakin azumi ba zai ga baƙon abu a nan ba. Su kansu lambobin surori da ayoyi ba tare da littafin suka zo ba. An raba surori a ƙarni na 13, aikin da ake danganta shi da Stephen Langton, ayoyin Sabon Alkawari kuwa wani maɗaba'i Bafaranshe, Robert Estienne, ya sa musu lamba a 1551. Ba don su ba, da ba a iya rubuta wa manomin Kufana abin da zai buɗe ran Talata a layi guda ba.

DAGA SHAFI ZUWA KASUWA

Masu wa'azi a yankin ba su gajiya da faɗin cewa karatu ba shi ne ƙarshen magana ba, sai an ga abin da ya haifar kafin rana ta faɗi. Tambayoyin da akan koya wa yara a makarantar Lahadi su yi wa kansu bayan karatu 'yan kaɗan ne: me wannan wuri ya nuna game da Allah, akwai umarnin da zan bi, akwai laifin da zan bari, akwai alkawarin da zan riƙe. Da waɗannan ake auna rayuwar yau da gobe. Mai sayar da masara ko citta da ta karanta gargaɗin Karin Magana a kan ma'aunin algus da safe, tana da abin tunani sa'ad da ta ɗauki mudu da hantsi. Miji da mata da suka kwana ba sa magana, in karatun ya faɗo kan wasiƙar Afisawa inda aka hana kwana da fushi, kuma ga 'ya'yansu zaune suna ji, dole ɗaya ya sunkuyar da kai. Wasiƙar Yakubu tana da sura guda a kan ɓarnar harshe, wadda ba ta taɓa rasa wanda za ta taɓa a unguwa ba. Haka maganar bashi, da maganar burkutu, wadda ta daɗe tana raba dattawan ikilisiya da 'yan'uwansu a ƙauyuka.

A ganina babban ƙarfin wannan al'ada ba a cikin bayanin da mai gida yake yi yake ba, domin sau da yawa bayanin gajere ne, maimaici ne. Ƙarfinta yana cikin cewa ba mai gida ne ya zaɓi ayar ba. An riga an buga ta tun bara, a Jos ko a Ibadan, wanda ya rubuta bai san abin da ya faru a gidan jiya da dare ba. Saboda haka uban da ya zalunci ɗansa ba shi da hanyar kauce wa ayar da ta gargaɗi iyaye, sai dai ya ce yau ba za a yi sujada ba, kowa kuwa ya san dalili.

Ƙungiyar Sabon Rai Don Kowa, wadda aka fara a 1963 bisa jagorancin Gerald Swank, malami a makarantar Kagoro, ta ƙara wa abin ƙarfi da ta kafa ƙananan rukunan addu'a gida-gida. Rediyo ma ya taimaka a zamaninsa, da shirye-shiryen Hausa na tashar ELWA daga Monrobiya da na Muryar Bishara da ake shiryawa a Jos.

RANAR DA AYA TA YI NAUYI

Duk wannan mai sauƙi ne muddin abin da ake fama da shi mudu ne da fushin miji. Amma ƙasar da muke magana a kanta ta sha jini, kuma nan ne ainihin gwajin karatun yake. Rikicin da ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan cikin Maris 1987 ya bazu har Zariya da Funtuwa da Katsina. Na Zangon Kataf ya biyo baya a 1992, na Kaduna a 2000, sa'an nan na bayan zaɓen 2011, wanda a cikinsa aka kashe Musulmi masu yawa a Zonkwa da kewaye, aka kuma kashe Kirista aka ƙone majami'u a garuruwan arewacin jihar da waɗansu jihohi. A ƙaramar hukumar Kajuru kanta, faɗan Kasuwan Magani na ran 18 ga Oktoba 2018 ya ci rayuka 55 bisa ƙidayar 'yan sanda. Washegari aka sace Agom Adara, Dokta Maiwada Raphael Galadima, a kan hanyar Kaduna zuwa Kachia, bayan mako guda aka tsinci gawarsa. Cikin Fabrairu 2019 gwamnatin jiha ta ba da sanarwar kisan Fulani masu yawa a rugage, su kuma Adara suka lissafta nasu mamatan a Unguwan Barde da Karamai da Dogon Noma. Ran 19 ga Yuni 2022 'yan bindiga suka afka wa majami'ar Baftis da ta Katolika a ƙauyen Rubu ana cikin sujada, suka kashe mutum uku, suka kora mutane da dama cikin daji. Babu ɓangaren da bai yi kuka ba.

Yanzu mai karatu ya ɗauka cewa ga iyalin da suka binne ɗansu jiya, ko suka sayar da gona da hatsin shekara suka biya kuɗin fansa, yau da asuba sun buɗe shafin ranar, sai ya kai su sura ta biyar ta Bisharar Matiyu, inda aka umarci mabiyi ya ƙaunaci maƙiyinsa ya kuma yi masa addu'a, ko sura ta 12 ta Romawa, inda aka hana ramuwa aka bar ta ga Allah. Me mai gida zai ce wa matasan da ke zaune gabansa? Wannan tambaya ba ta tatsuniya ba ce, ikilisiyoyin yankin sun shafe shekara talatin da ɗoriya suna kokawa da ita. Tun bayan 1987 aka fara jin masu cewa an mare su a kunci ɗaya sun juya ɗayan, yanzu ba su da kunci na uku. Masu wannan ra'ayi su ma daga littafin suke kafa hujja, sukan buɗe Nehemiya sura ta huɗu, inda masu ginin garun Urushalima suke aiki da hannu ɗaya, makami a ɗayan. Waɗansu kuma sukan amsa da cewa tsaron ƙauye dabam, bin mutum har rugarsa ko shagonsa domin ramuwar abin da wani ya yi dabam, kuma littafin bai ba kowa izinin na biyun ba.

Abin da ya kamata a faɗa shi ne, littafin bai hana mai baƙin ciki kuka ba. Akwai Zabura masu yawa da ba kome a cikinsu sai ƙorafi da tambayar har yaushe, akwai Ayuba da Makoki da Habakuk, kuma waɗannan ne fastoci suka fi buɗewa a wurin jana'iza da zangon 'yan gudun hijira. Har ma akwai Zabura irin ta 109 da ta 137 waɗanda suke roƙon masifa a kan maƙiyi da kalmomi masu zafi. Malaman da suka yi zurfi sukan ce amfanin irin waɗannan shi ne mutum ya juye zafin zuciyarsa gaban Allah maimakon ya juye shi a kan maƙwabci. Ko kowa yana karanta su da wannan fahimta, wannan wata magana ce.

Ba za a ce karatun asuba ya hana ɗaukar fansa a kudancin Kaduna ba, domin tarihi zai ƙaryata mai faɗin haka. Amma akwai shaidar cewa nassi yana iya juya mutum. Fasto James Wuye, wanda ya rasa hannunsa a rikicin 1992 yana jagorancin matasa, da Imam Muhammad Ashafa, wanda shi ma ya rasa malaminsa da 'yan'uwa a wannan rikici, kowannensu ya faɗa a bainar jama'a cewa koyarwar addininsa a kan yafiya ce ta kwance masa ƙullin da ke zuciyarsa, har suka haɗu suka kafa cibiyar sulhu a Kaduna a tsakiyar shekarun 1990. Haka kuma cikin Maris 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomi biyar suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan, inda kowane ɓangare ya nemi gafarar ɗan'uwansa. Yarjejeniyar ba ta kawo ƙarshen kashe-kashe ba, amma mutanen da suka iya furta wannan kalma a gaban jama'a, ba ranar suka fara jin ta ba.

INDA GIZO KE SAƘA

Al'adar tana da nata ciwon, kuma masu ita sun fi kowa sani. Na farko shi ne mai da littafin laya. Akwai masu buɗe Zabura ta 91 su ajiye ƙarƙashin matashi ko a gaban mota, ba tare da sun karanta ba. Akwai masu rufe ido su buɗe ko'ina su ɗora yatsa, duk ayar da ya faɗa a kai su ce ita ce amsar Allah a kan aure ko tafiya, abin da bai da maraba da duba. Fastocin tsofaffin ɗariƙu suna yaƙi da wannan, amma tsoro malami ne mai ƙarfi, kuma wanda yake bin hanyar Kachia da yamma ba ya rasa abin da zai riƙe.

Na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. Ɗan littafin jagora an yi shi ne domin ya kai mutum ga babban littafi, amma da yawa yanzu sukan karanta bayanin shafin su rufe, ba su ko buɗe wurin da aka nuna ba. In aka daɗe a haka, sai mutum ya tashi da sanin ra'ayin marubuci, ba sanin nassi ba. Abin ya fi muni da irin littattafan da suka cika kasuwa daga manyan majami'un birane, waɗanda kowace safiya alkawarin arziki da buɗi ne kawai. Manomin da aka kora daga gonarsa shekara uku, in kullum ana gaya masa wannan watan ne watan ɗaukakarsa, wata rana zai tambaya ko laifinsa ne ko na littafin. Tsohon tsarin bin sura bayan sura, ko da yake yakan jefa mutum cikin dokokin Littafin Firistoci da jerin sunayen Littafin Ƙidaya har barci ya ɗauke shi, aƙalla ba ya ɓoye masa cewa annabawa ma sun sha wuya.

Sa'an nan ga talauci da gudun hijira. Gidan da aka ƙone, da littafin ake ƙone shi, kuma kuɗin sabo ya yi tsadar da iyalin da ke neman abin sawa a baki ba za su sa shi a gaba ba. A irin wannan hali ne haddar tsofaffi take fitowa da amfaninta, domin tsohuwar da ta haddace aya kowane mako a Zumuntar Mata tun tana amarya, tana iya jan sujada ba takarda a hannunta.

WANE HARSHE?

Saura maganar harshe, wadda ita ce za ta yanke yadda al'adar za ta kasance nan gaba. A shekarar 1979 Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1966, ta fito da sabuwar fassara da Hausa mai sauƙi. A cikinta Matta ya koma Matiyu, Yohanna ya koma Yahaya, Misalai ya koma Karin Magana, Yesu Kristi kuma ya koma Yesu Almasihu. Daga baya waɗansu fassarorin sun biyo, har da wadda ake kira Sabon Rai Don Kowa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a gida ɗaya ka iske kaka tana riƙe da tsohon juyi wanda bangonsa ya tsage an ɗinke da zare, uba yana da na 1979, ɗa kuwa yana bi da Turanci a wayar hannu, aya ɗaya amma kalmomi uku.

Matasan da suka yi makaranta sun fi karkata ga Turanci, har a garuruwa irin su Kafanchan da Zonkwa majami'u da yawa sun raba sujadar Lahadi biyu, ta Hausa da ta Turanci. Ta ɗaya gefen kuma akwai masu ganin cewa Hausar majami'a ta taimaka wajen danne harsunan iyayensu, suna son a koma gida. An buga Sabon Alkawari cikin harshen Jju na Bajju a 1982, na Tyap kuma a 2015, ga kuma cibiyar fassara ta Jos tana aiki da waɗansu harsunan. Amma a nan an gamu da wani cikas: mutumin da ya iya harshensa kamar ruwa a baki, in aka miƙa masa shi a rubuce sai ya yi ta tuntuɓe, domin da Hausa da Turanci aka koya masa karatu, kuma harsunan nan suna da wasula da karin sauti waɗanda baƙaƙen boko na yau da kullum ba su wadatar da su ba. Shi ya sa masu fassara suka koma ɗaukar karatun a murya, ana tura shi waya zuwa waya ko a ɗan katin ajiya, tsohon da ido ya gaza da matar da ba ta shiga aji ba su saurara suna sussukar masara. A ƙauyukan da babu lantarki kuwa, mai shagon cajin waya ne yake karɓar kuɗi kafin a ji surar gobe.